Turancin da Ya Saɓa wa Lissafi: Wanne Ne Kuskure, Wanne Ne Haɗari?

Sharhinmu na yau ya shafi wata tsohuwar gardama ce da ke tsakanin masu Turanci su kansu, a Ingila da Amurka, wadda ta biyo harshen har cikin azuzuwanmu da ofisoshinmu. Gardamar kuwa a kan maganganun da kowa ke faɗa kullum ne, waɗanda idan aka zauna aka auna su kalma bayan kalma sai a ga ba su tsaya da ƙafafunsu ba. Akwai masu ganin duk irin wannan magana kuskure ce da ya kamata a cire ta daga bakin mutane, har sukan jera su, su riƙa bin jama'a da gyara. Ni a ganina mudun da suke awo da shi ne ba daidai ba. Abin da ya kamata a tambaya game da kowace magana shi ne, shin mai ji ya gane abin da mai faɗa yake nufi, kuma wace asara za a yi idan bai gane ba. Idan aka ɗauki wannan ma'auni, za a tarar yawancin abin da ake kumfar baki a kansa ba ya cutar da kowa, waɗanda ke cutarwa da gaske kuwa sau da yawa ba su ne masu gyaran ke damuwa da su ba.

Mu fara da wadda ta fi kowace shan suka. Baturen Ingila idan yana so ya ce abu bai dame shi ba ko kaɗan, yakan ce "I couldn't care less", wato damuwata da abin nan ta kai ƙasa, babu inda za ta ƙara raguwa. Amurkawa da yawa kuwa, tun wajen shekarun 1960, sai suka yar da kalmar korewar, suna cewa "I could care less", wanda a zahirin lafazi yake nufin da sauran damuwa a ransu, akasin abin da suke son faɗa ke nan. Masanin nan Steven Pinker ya rubuta a 1994 cewa gatse ne Amurkawan ke yi. Wasu masana harshe ba su yarda da shi ba, suka ce yawan amfani ne ya cinye kalmar korewar, sauran jimlar ta ɗauki nauyinta. Wannan bayani na biyu ya fi kwanta mini, domin mun ga irinsa a Faransanci, kuma 'yan'uwanmu na Maradi da Damagaram za su tabbatar. A rubuce, korewa a Faransanci guda biyu ce, "ne" a gaba, "pas" a baya. Ita "pas" ɗin asalinta taku ɗaya take nufi, kamar a ce ban tafi ko taku ɗaya ba. Amma a bakin titi yau an yar da "ne", ana cewa "je sais pas", kuma babu Bafaranshen da zai ji haka ya ɗauka kana cewa ka sani. Haka Ba'amurke, duk wanda aka faɗa wa "I could care less" ya san an yi watsi da shi ne, ko da kuwa shi ne mai yin gyaran. Ai sai da ya gane manufar kafin ya san inda zai gyara.

Haka abin yake ga "head over heels", da ake faɗa wa wanda ya wuntsila, ko wanda soyayya ta kwashe. Lafazin cewa yake yi kai a sama, diddige a ƙasa, wanda shi ne yadda kowane mai lafiya ke tsayuwa. A ƙarni na 14 a juye ake faɗarta, diddige a sama, kai a ƙasa, sai a ƙarni na 18 ta birkice, kuma a birkicen ta zauna har yau. Amma labarin da ya fi nuna ƙarfin al'ada a kan hankali shi ne na karin maganar kek. Turawa na cewa "you can't have your cake and eat it", daidai da tamu ta taura biyu ba ta taunuwa. Mai bin diddigi zai ce ai ana iya mallakar kek sannan a ci. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a ci sannan ya ci gaba da zama a hannu. Gaskiyarsa kuwa, domin a tarin karin maganar da John Heywood ya wallafa a 1546 ci ne ya zo a gaba, kuma wannan tsari shi ya fi yawa tsawon ƙarnoni kafin ɗayan ya rinjaye shi a ƙarni na 20. To, a Amurka an yi wani mutum, Theodore Kaczynski, tsohon malamin lissafi a jami'a, wanda ya yi ta aika bama-bamai ta gidan waya daga 1978 zuwa 1995, ya kashe mutum 3, ya raunata 23, hukuma ta rasa ko wane ne. A watan Satumba na 1995 jaridar Washington Post ta buga wata doguwar ƙasidarsa. Ƙaninsa ya karanta ya ji salon ɗan'uwansa, ya kai rahoto. Da masu bincike na FBI suka kwatanta ƙasidar da tsofaffin wasiƙunsa, ɗaya daga cikin abubuwan da suka dace shi ne yadda yake faɗar karin maganar nan a tsohon tsarinta mai bin hankali, ci a gaba. Ta shiga cikin hujjojin da aka tara, aka kama shi a jihar Montana a watan Afrilu na 1996. Ku duba fa, faɗar maganar yadda hankali ya yarda da ita ya yi ƙaranci a Amurka har ya zama alamar da za a gane mutum guda da ita cikin miliyoyi.

Daga ina aka samo ra'ayin cewa dole harshe ya bi lissafi? Babban kaso daga marubutan nahawu na Ingila ne a ƙarni na 18. Robert Lowth, wanda daga baya ya zama Bishop na Landan, yana da littafin nahawu da ya fara fitowa a 1762, kuma yana cikin waɗanda suka yaɗa dokar cewa korewa biyu a jimla ɗaya suna kashe juna su koma tabbatarwa, kamar yadda ake yi a darasin lissafi. Alhali marubucin nan Chaucer, wanda ya rasu a 1400, da Shakespeare bayansa, duk sun jera korewa biyu ko fiye don ƙarfafa magana. Mu Hausawa da wannan doka za ta hau kanmu da mun shiga uku, domin "ban je ba" korewa biyu ce, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kuma babu wanda ya taɓa jin haka ya ce ashe ka je. Harshenmu ma cike yake da abin da mai awon manɗiƙi zai kira shirme. Muna cin kasuwa, mu ci bashi, mu ci zaɓe, mu ci amana, babu wanda ya tauna komai. Muna shan iska da shan kashi, muna kashe kuɗi da kashe aure. Mutum na fita daga ɗaki yana cewa ina zuwa. Majinyaci na kwance rai a hannun Allah, a tambaya a ce da sauƙi. Ba mu taɓa ɗaukar waɗannan a matsayin rashin iya Hausa ba; wanda bai iya su ba shi muke cewa Hausarsa ba ta nuna ba. Haka maimaicin da ake zargin masu cewa "PIN number" ko "ATM machine" da shi, tunda harafin ƙarshe ya riga ya ƙunshi kalmar. Mu ma tun da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da BVN a 2014 muke cewa lambar BVN, kuma muna cewa hamadar Sahara alhali sahara a Larabci hamada take nufi. Maimaicin yana taimakon kunne ne, musamman a waya ko cikin hayaniyar banki.

Mai sauraro zai iya cewa, to malam, ke nan babu kuskure a duniya, kowa ya faɗi abin da ya ga dama? A'a, da kuskure, kuma wani ma yakan lalata tunani. Dubi "the exception proves the rule". Yadda aka fi amfani da ita yau shi ne, mutum ya kafa wata doka ta baki ɗaya, a kawo masa misalin da ya karya ta, sai ya ce ai wannan togaciyar ita ce ta tabbatar da dokar. Wani ya ce duk ɗan siyasa ɓarawo ne, a ambata masa Malam Aminu Kano wanda ya rasu a 1983 bai tara abin duniya ba, sai ya jefo wannan jimla ya ɗauka ya ci gardama. Wannan ba hujja ba ce, hanyar gudu ce. Asalin maganar daga shari'ar Rumawa take. A shekara ta 56 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, lauyan nan Cicero ya kare wani mutum mai suna Balbus, ɗan garin da yau ake kira Cadiz a Sifaniya, wanda aka ƙalubalanci zamansa ɗan ƙasar Rum. Cicero ya nuna cewa wasu yarjejeniyoyin da Rum ta ƙulla da wasu al'ummu sun fito fili sun hana a ba mutanensu 'yancin zama 'yan ƙasa, ita kuwa yarjejeniyar garin Balbus ba ta faɗi haka ba. Tunda sai an rubuta hanin a inda ake son hanawa, ashe asalin dokar halasci ne. Idan ka ga allo a bakin titi an rubuta an hana ajiye mota a nan ranar Juma'a, ka san sauran ranaku an yarda, ko ba a rubuta ba. Wannan ita ce ma'anar, kuma mai kyau ce. A nan ina tare da masu gyara ɗari bisa ɗari, dalilina kuwa shi ne sabon amfanin yana ba mutum damar ƙin karɓar shaida yana ganin kansa mai hikima.

Haɗari na biyu ya fi wannan girma, shi ne kalmar da ke da ma'ana biyu masu rai a lokaci guda, mai faɗa na kan ɗaya, mai ji na kan ɗaya. Duk wanda ya bi bayan tankar mai a hanyar Kaduna zuwa Kano ya ga an rubuta "highly inflammable" da jan fenti. Wanda ya koyi Turanci a aji an koya masa cewa ɗafa-goshin "in" korewa yake yi, kamar a "incorrect" da "invisible". To idan ya bi wannan ƙa'ida, sai ya karanta cewa abin da ke cikin tankar ba ya kamawa da wuta. Kalmar kuwa ba ta da laifi a tarihi, domin daga Latin take, inda "in" ɗin ke nufin cusa wuta a cikin abu. Masu bin asali za su ce daidai take, kuma daidai ɗin take. Duk da haka tun shekarun 1920 ƙungiyar masu rigakafin gobara ta Amurka ta matsa a koma amfani da "flammable", saboda ta lura ana iya karanta waccan a juye, kuma kuskuren karatu ɗaya kusa da fetur ya isa. Kun ga a nan kalmar da ta fi inganci a ƙamus ita aka ture. Winston Churchill ma ya ba da labari a tarihin Yaƙin Duniya na Biyu da ya rubuta, cewa hafsoshin Ingila da na Amurka sun daɗe suna jayayya a kan wata takarda, Ingilishi na cewa a yi mata "table", Amurkawa na ƙi. A Ingila kalmar na nufin a gabatar a tattauna yanzu, a Amurka tana nufin a jingine. Ashe bakinsu ɗaya, duka so suke a tattauna. Mu a Najeriya mun ɗauki tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka tun 1979, amma jaridunmu da 'yan majalisarmu ma'anar Ingila suke bi.

Mafi munin misali shi ne na ranar 27 ga Maris 1977 a tsibirin Tenerife, inda jirage biyu ƙirar Boeing 747, na KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Dalilan hatsarin suna da yawa, har da hazon, da gaggawar matuƙi, da katsewar sauti a rediyo lokacin da murya biyu suka haɗu. Amma a cikinsu akwai 'yar jimlar da mataimakin matuƙin KLM ya faɗa wa hasumiya, "we are now at takeoff". Shi yana nufin sun fara gudun tashi. Jami'in hasumiya ya fahimci suna tsaye a wurin tashi suna jiran izini, ya amsa da "OK". Bayan wannan ne aka tsaurara ƙa'idar magana a harkar jiragen sama: ba a furta kalmar "takeoff" sai lokacin ba da izinin tashi ko soke shi, a sauran zance "departure" ake cewa, kuma ana so matuƙi ya maimaita umarnin da aka ba shi. Abin lura shi ne, jimlar da ta taimaka wajen wannan asara ba ta saɓa wa manɗiƙi ba, babu mai gyaran Turancin da zai sa ta a jerinsa. Laifinta kawai tana karɓar fassara biyu.

Malaman makaranta suna da ƙorafi na daban, kuma ƙorafi ne mai nauyi. Za su ce mu dai yaranmu WAEC da NECO da JAMB ke jiransu, ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci, kuma mai makin takarda ba ruwansa da tarihin Faransanci. Wannan gaskiya ce, kuma ban ce a daina koyar da daidaitaccen Turanci ba. Yaron da ya rubuta "for all intensive purposes" maimakon "for all intents and purposes" ya yi kuskure, domin kunnensa ne ya yaudare shi, ya maye gurbin tsohuwar jimlar doka ta zamanin Sarki Henry na 8 da abin da ya yi kama da ita a sauti. Irin wannan tuntuɓen kunne ya yi yawa har masana harshe suka raɗa masa suna "eggcorn" a 2003, daga wata da ta ji "acorn" ta rubuta shi haka. A gyara wa yaro, amma a gaya masa dalilin gaskiya. Daidaitaccen Turanci kamar kayan makaranta yake: ana sa shi ne don hukuma ta ce shi za a sa a wannan wuri, ba don launinsa ya fi na sauran tufafi hankali ba. Idan malami ya ce wa ɗalibi wannan kuskure ne saboda bai bi hankali ba, gobe ɗalibin zai gamu da "head over heels" a littafin da aka wajabta masa karantawa, ya rasa inda zai sa kansa. Idan kuwa aka ce masa haka masu harshen suka saba rubutawa a takardar hukuma, ya samu abin riƙewa da ba zai karye ba.

Saura tambayar da ta fi ci wa mutanenmu tuwo a ƙwarya: wa ke yanke hukunci? Me ya sa idan Ba'amurke ya juya magana sai a ce salo ne, idan ɗan Najeriya ya juya sai a ce bai iya ba? Amsar ba ta da daɗi, yawa ne da ƙarfi da daɗewa. Ƙamus ba alƙali ba ne, marubucin abin da ya gani ne. A 2013 an yi ta hayaniya da aka lura ƙamusoshi sun rubuta cewa "literally", mai nufin a zahiri ba ƙari, ana kuma amfani da ita don zuzuta magana, alhali marubuta irin su Charles Dickens da Mark Twain sun yi hakan tun ƙarni na 19. A 2020 aka sake tayar da ƙura a kan "irregardless", wadda ke cikin ƙamus ɗin Merriam-Webster tun 1934, da alamar cewa ba daidaitacciya ba ce. Wannan ƙofa ita ce ta buɗe mana mu ma. A watan Janairu na 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi da ma'anoni 29 na Turancin Najeriya, ciki har da Kannywood, da okada, da "next tomorrow" wato jibi, wadda malamai suka shekara da shekaru suna ja wa jan layi. A cikinsu akwai "severally" da ma'anar sau da yawa, yadda 'yan jaridarmu da 'yan siyasarmu ke faɗarta. Abin farin ciki ne, sai dai kalmar nan ta faɗa cikin rukunin masu fuska biyu. A Turancin shari'a tana nufin kowa shi kaɗai, a kan kansa. Idan mutum uku suka tsaya wa wani lamuni a banki, takardar ta ce suna da alhaki "jointly and severally", ma'anarta bankin na iya bin su gaba ɗaya, yana kuma iya zaɓar mutum guda a cikinsu ya ce ya biya kuɗin duka, shi ya san yadda zai yi da sauran biyun. Wanda ya sa hannu yana zaton kaso ɗaya cikin uku ne a wuyansa, ko yana zaton ana maganar biya sau da yawa ne, ranar da mai bashin ya gaza zai tarar kotu da ma'anar lauyoyi take aiki, shigar ɗaya ma'anar cikin ƙamus ɗin Oxford ba za ta rage masa ko kwabo ba.